Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Bututun Ya Ƙi Shiga Cikin Ɗan'uwansa?

Wani mai sauraronmu daga Kudan, manomin tumatir, ya aiko da wasiƙa. Ya ce yana son rumfar da zai riƙa ɗagawa yana saukewa a kasuwa, sai ya sayo bututun ƙarfe na ruwa iri biyu, mai inci ɗaya da kwata da mai inci ɗaya da rabi, don ƙaramin ya riƙa zamewa cikin babban. Da ya kai wa mai walda, sai abu ya ƙi shiga. Yana tambaya, ko cutarsa aka yi?

To Malam, ba a cuce ka ba. Mun taɓo wannan a rediyo, amma lissafi ba ya zama a kunne, shi ya sa muka kawo shi nan.

Incin da ake kiran bututun ƙarfe da shi suna ne kawai, ba awonsa na zahiri ba ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, amma bututun da ake ce wa "inci ɗaya" faɗinsa ta waje milimita 33.7 ne. Mai inci ɗaya da kwata 42.4, mai inci ɗaya da rabi 48.3, mai inci biyu 60.3.

Abin da za ka auna biyu ne: faɗin ƙaramin ta waje, da faɗin ramin babban. Ramin kuwa, ka ɗauki faɗin waje ka cire kaurin ƙarfen sau biyu, tunda ƙarfe na nan dama da hagu. Babban naka, idan matsakaicin kauri ne, kaurinsa 3.2. Cire 6.4 daga 48.3, saura 41.9. Ƙaramin kuma 42.4. Ka ga ya fi ramin da rabin milimita ke nan, ko da guduma ba zai shiga ba.

Da mai inci ɗaya ka haɗa da mai inci ɗaya da kwata, da ka huta. Ramin wannan 36 ne, ƙaramin 33.7, akwai sararin milimita biyu da ɗoriya, daidai wa daida. Mai inci ɗaya da rabi cikin mai inci biyu ma yana shiga, sai dai yakan yi lakwa-lakwa, don sararin ya kusa milimita biyar. Wanda nake ja muku kunne a kansa shi ne mai kwata uku cikin mai inci ɗaya. A takarda yana shiga, amma sararin bai kai rabin milimita ba, ga jijiyar walda da ke kwance a cikin bututun tun daga masana'anta, ga tsatsa in damina ta zo. In kuwa mai kauri ka saya, ramin ya ƙara tsukewa, don kauri ta ciki yake ci.

Ba ka da abin awon makanikai? Naɗa zare sau ɗaya a jikin bututun, ka miƙe shi a kan rular ɗan makaranta, ka raba da 3.14. Zaren mai inci ɗaya zai kai wajen milimita 106.

Ku kuma 'yan noman rani na Ikara da Makarfi masu zura bututun roba a rijiyar fadama, ku lura: shi na roba galibi faɗinsa na waje ake bugawa a jikinsa, 50, 63, 110, kuma wurin haɗi ya fi sauran jikin kauri. Mahaɗin za ku auna, don a nan yake maƙalewa.

In za ka Sabon Garin Zariya sayayya, Malam, yanko guntun bututun da ke hannunka ka tafi da shi, ka zura a gaban mai shago kafin ka biya. Wajen haɗa rumfar kuma, bar aƙalla santimita 30 na ƙaramin a cikin babban, a huda a sa ƙusa mai noti, a shafa ɗan giris.