Takalmin Roba a Ƙolin Dutsen Kamaru

Dutsen Kamaru, wanda ke bayan garin Buea, tsawonsa ya haura mita 4,000. Babu dutsen da ya kai shi a ƙasar nan da maƙwabtanta: Emi Koussi na Cadi mita 3,415 ne, Chappal Waddi na kan iyakarmu da Nijeriya kuwa mita 2,419. Dutse ne mai aman wuta, ya yi aman a 1999, ya sake yi a 2000.

Tun 1973 aka fara tseren hawa wannan dutse. Kamfanin Guinness ne ya fara ɗaukar nauyinsa, daga baya a 1996 aka sa masa suna Tseren Fata Nagari. Daga filin wasa na Molyko ake tashi, a kai ƙoli, a dawo, tafiyar kimanin kilomita 38. Gwanaye kan gama cikin kusan awa huɗu da rabi. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta lashe ɓangaren mata har sau bakwai, shi ya sa ake ce mata Sarauniyar Dutse.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙi kai shi ne ƙafafun 'yan tseren. Da yawa daga cikin 'yan ƙasa takalmin roba mai huje-huje suke sawa, wanda mutanen yankin ke kira takalmin Dschang, ɗan'uwan wanda makiyaya ke bin shanu da shi. Ba arha kaɗai ta sa ba. Hanyar ta ratsa kurmi mai laka, ta bi ta fako mai ciyawa, sannan ta shiga tsakuwa da tokar dutse. Robar ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, in yashi ya shiga ta hujin zai fita.

Wannan ba ya nufin takalman kamfani ba su da amfani. Adidas da Puma wa da ƙane ne suka kafa su a garin Herzogenaurach na Jamus bayan sun ɓata: Rudolf Dassler ya buɗe Puma a 1948, Adolf ya yi wa Adidas rajista a 1949. Sun shahara ne saboda sun zauna da 'yan wasa sun ji abin da ƙafa ke bukata. Duk da haka Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya lashe gudun fanfalaki a Rum a 1960, ya sake lashewa a Tokyo a 1964 da takalmi. Ashe gudun na ƙafa ne.

A nan ne maganar ta shafe mu. Yau yaro sai ya ƙi zuwa filin makaranta don takalminsa ba shi da tambari, uba ya ci bashi ya sayo, sau da yawa ma jabu ne da ba ya kai ƙarshen zango. Can gefe kuma dukawanmu na Marwa, Garwa da Birkitari ta Yawunde suna zaune da faɗe na fata, sai Sallah ake tuna su. Alhali su ma ƙasa suka duba kafin su yanka fata: faɗe mai faɗin tafi don rairayi da zafi, huffi don sanyi da alwala, takalmin gashin jimina don sarauta.

Ba a ce a hau dutse da faɗe ba, kowane allazi da nasa amanu. Amma ya kamata iyaye su koya wa yara tambayar da 'yan tseren Buea ke yi: ina za ni da takalmin nan, kuma zai kai ni? Dukawa su ma su sabunta ɗinki, su ƙara wa faɗe tafin roba saboda damina, su karɓi yara koyon sana'a lokacin hutu. In ba haka ba, nan gaba sai a hoto jikokinmu za su ga faɗe. Allah ya kiyaye.