IDAN GEJIN MAI YA LALACE A JIRGIN RUWA

Wannan bayani domin masu jiragen ruwa ne masu inji, musamman waɗanda ke tuƙi a Kogin Binuwai tsakanin Yola da Numan, inda Kogin Gongola ke haɗuwa da shi, da kuma tafkin Dam ɗin Kiri da aka gama ginawa a 1982. Direban mota ko na tarakta a Mubi da Vimtim shi ma zai amfana, domin gejin jirgi da na mota aikinsu iri ɗaya ne. Sai dai mota in ta ƙare mai, tsayawa take yi a bakin hanya. Jirgi kuwa in injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, igiyar ruwa ce za ta tafi da shi tare da mutanen da ke ciki, balle a lokacin da ruwa ya cika kamar na ambaliyar 2012 da ta 2022.

YADDA GEJI KE AIKI

Geji kashi uku ne: agogon da ke gaban matuƙi mai allura, da fulot a cikin tanki, da wayoyin da suka haɗa su da batir. Fulot wani abu ne marar nauyi da ke tasowa bisa mai, yana maƙale da siririn hannu na ƙarfe. In mai ya ragu sai ya sauka, in an ƙara sai ya hau. Wannan motsi shi ke rage ko ƙara wutar da ke bi ta agogo, allura kuma ta nuna.

Gejin da aka fi samu iri biyu ne. A ƙirar Amurka, mita tana nuna om 240 in tanki ba kome, da om 33 in ya cika. A ƙirar Turai kuwa lissafin juye yake: kusan sifiri in ba kome, wajen om 180 in ya cika. Saboda haka wanda ya haɗa agogon wannan da fulot ɗin wancan, zai ga allura tana hawa sa'ad da mai ke raguwa.

NEMAN INDA CUTA TAKE

Kafin a taɓa kome, a ɗaure jirgi a gaɓa, a kashe inji, a buɗe ko'ina iska ta shiga. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya kuwa ya isa ya tada gobara. Ban da taba, ban da fitilar kananzir.

1. A murɗa mabuɗi, a gwada ko wutar batir, bolt 12, tana isa bayan agogo. In babu, a duba fis da kan batir.

2. A duba baƙar waya mai komawa ƙafar batir mai alamar ragi. Danshi yana kawo tsatsa, tsatsa kuwa ita ce ta fi yawan kashe geji. A kankare, a ɗaure sosai.

3. A bayan agogo, nesa da tanki, a cire wayar da ta fito daga fulot, sa'an nan a haɗa mazauninta da na baƙar waya na ɗan lokaci kaɗan. Allurar ƙirar Amurka za ta haura zuwa cikakke, ta Turai kuma ta faɗi ƙasa. In ta bi haka, agogo lafiya yake. In ba ta motsa ko kaɗan, shi ne ya mutu.

4. In agogo lafiya yake, laifin yana ga wayar tanki ko fulot. A cire kan batir tukuna, sa'an nan mai gyaran wuta ya zaro fulot, ya sa masa mita, ya ɗaga hannun ya sauke. Lamba ta riƙa sauyawa a hankali. Fulot da ya huje ya sha mai yana nutsewa, allura ta zauna ƙasa kullum. A sake shi da irinsa, tare da sabuwar robar bakin tanki.

Abin lura: allura mai rawa sa'ad da jirgi ke tangaɗi ba lalle ta lalace ba. A karanta ta in jirgi ya daidaita bisa ruwa.

KAFIN A TASHI

Kada matuƙi ya dogara ga allura kaɗai. Ya auna mai da sanda mai tsabta in tankinsa na yarda, ya kuma san lita nawa injinsa ke sha a awa guda. Ya raba mansa kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana, yana tuna cewa hawan ruwa ya fi gangara shan mai. Kada jirgi ya rabu da filafili, da igiya, da rigar kariya ga kowane fasinja.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja, ita ke da alhakin tsare lafiyar zirga-zirga a kogunanmu. Amma duba geji da auna mai aikin mai jirgi ne, rayukan da ya ɗauka kuwa amana ce a wuyansa.