Harshe Ɗaya a Kamfani: Wa Ke Biyan Kuɗin?

A shekarar 2010 Hiroshi Mikitani, shugaban kamfanin cinikin intanet na Rakuten a Japan, ya umarci ma'aikatansa su koma Turanci a taro da wasiƙu, har da jerin abincin kantin ofis. Ya ba su shekara biyu, kuma ƙarin girma ya rataya a kan makin jarrabawar TOEIC. Hujjarsa ita ce kamfanin yana sayen kamfanoni a ƙetare, fassara kuwa tana cin lokaci.

Akwai asarar da ba ta shiga littafin lissafi: ƙwararren injiniya ya kame bakinsa a taro don tsoron kuskure, mai zaƙin baki ya haye gabansa. Da farko ma'aikata da aljihunsu suka riƙa biyan darasi, abin da bai dace ba, sai daga baya kamfanin ya ɗauki nauyin.

Faransa kuwa ta mayar da batun haƙƙin ma'aikaci. Dokar Toubon ta 1994 ta wajabta rubuta kwantiragin aiki da Faransanci, kuma a 2006 wata kotu a Versailles ta ci tarar GE Medical Systems saboda bai wa ma'aikatansa takardun aiki da Turanci zalla.