Karkarwar Mota Mai Ja da Ƙafa Huɗu Yayin Taka Totur

Daga cikin illolin da kan addabi motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser da Land Rover, waɗanda su ne madogarar matafiya a hanyoyin burji da rairayin ƙasashenmu, da wuya a sami wadda takan salwantar da dukiya a banza kamar karkarwar da ke tasowa idan direba ya taka totur, ta kuma lafa da zarar ya ɗaga ƙafa. Galibi akan garzaya wurin masu balansin taya, daga nan a sake tayoyin ɗungum, a bi da fulogi, alhali kuwa illar tana nan daram, domin an gina magani bisa zato tun ba a kafa hujja ba.

Hujjar farko a bakin direba take, kuma bakaniken da bai tambaye shi ba ya yi gaggawa. Tayar da nauyinta bai daidaita ba, ko wadda ta kumbura, ba ruwanta da totur. Takan girgiza sitiyari ne idan gudu ya kai wani haddi, yawanci tsakanin kilomita 80 zuwa 110 a sa'a, ko ana taka totur ko an sake shi. Saboda haka sai a sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a kai mota gudun da takan yi karkarwar, sa'an nan a ɗaga ƙafa. In ta ɗauke, to taya ta kuɓuta daga tuhuma. Bayan haka a sake giya ba tare da an sake gudu ba, domin in karkarwar tana bin kukan inji, sai a nemi illar a injin ko robobin da yake zaune a kansu, in kuwa gudun mota take bi, to tana cikin ƙarafan da ke isar da ƙarfi zuwa ƙafafu.

A nan ne ya kamata a dakata, domin a nan mota mai ja da ƙafa huɗu ta bambanta da sauran. Ƙarfin injinta, bayan ya fito daga giya, yakan shiga wani akwati mai raba shi biyu, ya bi farfelar baya da ta gaba, kowace kuwa tana da gaɓoɓi a bakunanta, waɗanda makanikai ke kira kuros. Wannan gaɓa, wadda Turawa suka jingina wa sunan Cardano, masanin Italiya na ƙarni na 16, tana da wata ɗabi'a mai ban al'ajabi da Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinta a ƙarni na 17, wato muddin tana aiki a karkace, juyin da take fitarwa yakan ƙaru ya ragu sau biyu a kowane zagaye. Hikimar maƙeran mota ita ce su sa kuros biyu su daidaita da juna, na biyu ya shafe kuskuren na farko. To, idan aka kwance farfela aka mayar ba bisa alamarta ta asali ba, ko aka ɗaga mota sama da ƙarin sifirin, kamar yadda wasu kan yi don ƙawa ko don tsoron ramuka, har kusurwar ta sake, sai wannan daidaito ya rushe, karkarwa ta bayyana ko da ƙarafan sababbi ne. Kuma da yake farfela tana juyawa kamar ninki huɗu na juyin taya, tata karkarwar ƙarama ce mai sauri, a kujera da daɓen mota ake jin ta.

Kuros ɗin da ya ci kuwa ba ya ɓuya ga mai lura. A tare tayoyi da kyau, a sa giya a firi, a shiga ƙarƙashi a kama farfela a murɗa. Wasa komai ƙanƙantarsa, ko jan garin tsatsa a bakin kofunansa, ya wadatar a shaida. A duba kuma boris ɗin tsakiya in farfelar mai gaɓa biyu ce.

Motocin da kowace ƙafar gabansu ke lilo ita kaɗai, kamar Hilux na zamani, suna da shaf mai kawuna biyu cikin rigar roba cike da giris. Kan waje in ya lalace ƙas-ƙas yake yi a kwana, amma na ciki shi ne mai kaɗa mota yayin taka totur, musamman a hawa ko da lodi. Mafarin lalacewarsa kusan kullum yagewar robar ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga: giris ya fita, yashi da ruwan damina su maye gurbinsa.

Idan shubuha ta saura, gogaggen bakanike yakan yi wa farfela ɗaya alama ya cire ta, in ƙirar motar ta yarda da haka, ya gwada tafiya da ɗayar, sai gaba da baya su rabu a fili.

Wani laifin kuma na direba ne tsantsa. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su da na'urar da ke barin ƙafafun gaba da na baya su saɓa a gudu, saboda haka tafiya da giyar 4H, wato ta ja da ƙafa huɗu, a kan busasshiyar kwalta, balle tayoyin ba girmansu ɗaya ba, takan ɗaure ƙarafan har mota ta riƙa tirjewa a kwana. Mai karatu, in ka tabbatar kuros ne, kada ka ɗaga gyaran sai an dawo daga tafiya, domin farfelar da ta tsinke ana cikin gudu tana iya fasa giya, ko ta caki ƙasa ta kifar da mota.