Masassarar cizon sauro: ta wace ƙofa cutar ke shiga jini?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da hatsi ke nuna a gonakin Kona, gidajen likita na Tasawa da Mayahi kan cika da yara masu zafin jiki. Kowa ya san sauro ne mafari. Amma yaya ƙwayar cutar take kama jinin mutum?

Tun 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya gan ta cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya. Wadda ta fi kisa a ƙasarmu sunanta Plasmodium falciparum. Bayan cizo takan ɓuya cikin hanta wajen mako guda, sannan ta fito neman jajayen ƙwayoyin jini. Ba da ƙarfi take fasa su ba. A jikinta akwai sinadarai masu aikin mabuɗi, a bayan ƙwayar jinin kuma akwai makullai. In mabuɗi ya dace, kafin minti ɗaya ta shige. Cikin kwana 2 ta hayayyafa, ƙwayar jinin ta fashe, ƴaƴan su bazu su kama wasu. Nan ne jiki ke ɗaukar ɗari da zafi, jini kuma ya riƙa raguwa.

Mabuɗanta suna da yawa. A toshe wannan ƙofa, ta bi waccan. Sai a 2011 masana a Ingila suka gano ɗaya wanda ba ta iya shiga sai da shi: sunansa RH5, makullinsa kuwa basigin.

Akwai kamu na biyu, kuma a ganina shi ya fi cancanta iyaye su sani. Ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan yi danƙo, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi, don kada ta isa saifa inda ake tace jini. In cikin ƙwaƙwalwa ta manne, sai yaro ya shiga taune-taune da suma. Jijiyoyi ne suka cushe, ba iskoki ba, kuma allurar likita yake bukata a ranar, ba washegari ba. Ga mai ciki, a mahaifa take mannewa, jariri ya zo ba nauyi.

Rigakafin da Nijar ta soma yi wa yara a Gaya cikin Satumba 2024 yana tare cutar ne tun ba ta kai ga jini ba. Wanda aka gina kan RH5 kuwa a bakin ƙofar jinin yake tsayawa. An gwada shi a Nanoro, ƙasar Burkina Faso, kan yara ƴan wata 5 zuwa 17, kuma sakamakon da aka fitar a Disamba 2024 ya nuna ya rage kamuwa da kashi 55 cikin 100 a tsawon wata 6.