Idan Kwamfuta Ta Ƙi Buɗe wa 'Yar'uwarta Ƙofa: Matsalar Musayar Fayil a Sadarwar Gida

A ɗauka wani malamin lissafi yana da kwamfutoci biyu a gidansa: babba ta kan tebur, wadda yake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibansa a ciki, da ƙarama ta tafi-da-gidanka, wadda yake zuwa makaranta da ita. Dukansu suna jone da rauta ɗaya, wato ƙaramar na'urar nan da ke rarraba sadarwa a cikin gida. Watanni ke nan yana buɗe foldar sakamakon daga ƙaramar ba tare da wata wahala ba. Yau da dare, alhali gobe ne ranar miƙa maki ga ofishin jarrabawa, sai ƙaramar ta nuna ba ta ma san da zaman babbar ba. Ga su a ɗaki ɗaya, tsakaninsu bai kai taku uku ba, kuma kowace tana shiga intanet lafiya lau.

Don ya kuɓuta daga kunyar gobe, malamin yana iya kwashe fayilolin a filash, kuma shi ne ma abin da ya kamata ya fara yi. Amma matsalar tana nan. Abin da akasarin mutane kan yi a irin wannan hali shi ne su taɓa nan su taɓa can, su kashe katangar tsaro, su kunna duk abin da suka tarar a kashe, ko Allah zai sa a dace. Wani lokaci akan dace ɗin, sai dai an bar kwamfutar a buɗe ga ɓarayi, kuma ba a san abin da ya gyaru ba, balle a gane shi in ya dawo. Ƙwararrun masu gyara sun san cewa saƙo daga kwamfuta zuwa kwamfuta matakai yake bi, tamkar ɗan aiken da aka tura karɓo kaya a wani gida. Sai ya san unguwar da gidan, sai mai gadi ya bar shi ya shiga zaure, sai sun ji yaren juna da mutanen gidan, sa'an nan sai maigida ya yarda a ba shi kayan. Aikin mai bincike shi ne gano inda ɗan aiken ya tsaya, kuma daga matakin farko ake somawa.

Unguwa da lambar gida

Kowace na'ura da ke cikin sadarwar gida tana da adireshi mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.5. Rauta ce ke raba waɗannan adireshi ga duk na'urar da ta shigo. A kwamfuta mai manhajar Windows, idan aka rubuta cmd a wurin bincike, baƙar tagar rubuta umarni za ta buɗe. A rubuta ipconfig a cikinta, adireshin zai bayyana. A yi haka a kwamfutocin biyu a gwada. A yawancin gidaje lambobi ukun farko kamar sunan unguwa suke, ta huɗun kuwa lambar gida ce. Saboda haka idan ɗaya ta nuna 192.168.1.5, ɗayar kuma 192.168.0.7, to ba unguwarsu ɗaya ba, kuma duk wani gyara da za a yi gaba da nan ɓata lokaci ne. Wannan kan faru ne idan ƙaramar ta kama wata Wi-Fi ta daban ba tare da mai ita ya lura ba, kamar ta wayar salula da aka taɓa jona ta da ita, ko kuma idan akwai rauta biyu a gidan, kowace tana raba nata adireshin. Shi ya sa shiga intanet ba hujja ba ce ta cewa kwamfutoci suna tare.

Idan kuwa adireshin ya fara da 169.254, ma'anarsa kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu amsa ba, sai ta laƙaba wa kanta. A nan sai a duba waya, ko a kashe rautar a sake kunna ta. Haka kuma rautoci da yawa suna da sadarwa ta biyu ta baƙi, wadda da gangan aka tsara ta don baƙo ya shiga intanet amma kada ya ga na'urorin gida. Kwamfutar da ta faɗa cikinta ba za ta ga 'yar'uwarta ba ko da adireshinsu ya yi kama.

Akwai wani abu da ya shafi wuraren da ake yawan ɗauke wuta. Adireshin da rauta ke bayarwa aro ne na wani lokaci. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, na'urori suka sake tashi, mai yiwuwa babbar kwamfutar da ke lamba 5 jiya ta koma lamba 8 yau, wayar wani yaro ta gaji lamba 5 ɗin. Duk wata gajeriyar hanya da aka yi da tsohon adireshin sai ta kai ɗan aike gidan da ba shi ba. Maganin wannan shi ne a shiga saitin rautar a keɓe wa babbar adireshi na dindindin.

Bayan an tabbatar unguwa ɗaya ce, sai a yi sallama. Umarnin da ake yin haka da shi sunansa ping, wanda wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta a 1983, ya kuma raɗa masa sunan ne daga ƙarar na'urar da jiragen ruwa ke aika sauti da ita cikin teku su saurari dawowarsa. A rubuta ping, a bar fili, a sa adireshin ɗayar kwamfutar. Windows za ta aika ƙananan saƙonni huɗu. In amsa ta dawo, hanya lafiya take. In ba ta dawo ba, kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin katangar tsaron Windows kan ƙi amsa irin wannan sallama idan ba a kunna musayar fayil ba. Shirun yana iya zama na mai gadi ne, ba na lalacewar hanya ba.

Gani daban, isa daban

A nan ne aka fi ruɗewa, saboda haka ya kamata a ɗan tsaya. Jerin kwamfutocin da Windows ke nunawa a sashen sadarwa ba shi ne musayar fayil ba. Wani aiki ne na daban, inda kowace na'ura ke shelar sunanta ga maƙwabta. Kwamfuta tana iya ɓacewa daga jerin alhali foldarta tana nan a buɗe ga duk wanda ya san adireshinta. Gwajin mai sauƙi ne: a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta karkatattun layuka biyu da adireshin, kamar haka: \\192.168.1.5, a danna shiga. Idan foldar ta buɗe, ashe musayar ba ta lalace ba, shelar suna ce ta samu matsala. Idan ta buɗe da adireshi amma ta ƙi buɗewa da sunan kwamfutar, matsalar a fassara suna zuwa adireshi take, kuma sai a duba ko kwamfutoci biyu ne ke amsa suna ɗaya.

Idan kuwa aka samu saƙon kuskure mai lamba 0x80070035, wato ba a samu hanya ba, to abin zargi na farko shi ne matsayin da Windows ta ba sadarwar. Takan kasa sadarwa gida biyu: ta bainar jama'a, wadda allo ke nunawa da kalmar Public, da ta gida, wato Private. A ta farko, kwamfuta takan ɓoye kanta ta rufe ƙofar musayar fayil, mai lamba 445, kuma hakan daidai ne ga wanda ke zaune a otal ko filin jirgin sama. Windows 11 kuwa takan sa duk sabuwar sadarwa a matsayin ta bainar jama'a, sai mai ita ya sauya da kansa. Ke nan idan malamin nan ya canza rauta, ko ya sake wa Wi-Fi ɗinsa suna, babbar kwamfutar za ta ɗauka baƙon wuri ta zo, ta ja ƙofarta ta rufe. Mayar da matsayin zuwa na gida, da tabbatar da cewa musayar fayil da firinta tana kunne, shi ne duk gyaran da ake bukata, ba sai an rushe katangar tsaro ba. A tuna kuma cewa wasu manhajojin riga-kafin ƙwayar cuta suna zuwa da tasu katangar, wadda ba ruwanta da saitin Windows.

Wanda ya ci karo da tsohon littafi ko bayanin da ke cewa a shiga HomeGroup, kada ya wahalar da kansa da nema. Tsarin ya zo ne da Windows 7 a 2009, kuma kamfanin Microsoft ya cire shi daga Windows 10 a 2018.

Yaren da suke ji

Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen musayar fayil ana kiran ta SMB. Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa. Siga ta biyu ta zo da Windows Vista a 2006, ta uku kuma da Windows 8 a 2012. Idan kwamfutoci biyu suka haɗu, sukan fara daidaitawa a kan sigar da dukansu suka iya. Matsalar ita ce Windows XP, da wasu tsofaffin firintoci da rautoci masu ramin filash, sigar farko kaɗai suka sani, alhali tun 2017 Microsoft ya fara janye ta daga Windows 10.

Ana iya mayar da ita da 'yan danne-danne kaɗan, kuma shawarar da za a fi ba mutum ke nan. Kafin ya karɓa, ya kamata ya san dalilin janye ta. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin sigar farko ta SMB, ta yaɗu da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya danna komai ba, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila asibitocin gwamnati da dama sun tsaya cik, aka soke ganin likita da aikin tiyata na dubban marasa lafiya. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, amma ba a sa shi ba a wurare da yawa. An toshe waccan ɓaraka, sai dai sigar farko ba ta da kariyar da aka gina cikin na bayanta. Kunna ta saboda tsohuwar na'ura guda ɗaya, a kwamfutar da ke ɗauke da makin ɗalibai na shekara guda, shi ne garin neman gira a rasa ido. Gara a kwashe abin da ke cikin tsohuwar a filash, a raba ta da sadarwar.

Izinin maigida

Idan kwamfutar ta nemi suna da kalmar sirri, ko ta ce an hana shiga, sau da yawa da lamba 0x80070005, wannan albishir ne, domin ɗan aike ya iso har zaure. Abin da ya rage shi ne izini. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sa sunansa da kalmar sirrinsa na kwamfutar da ke gabansa, alhali na waccan mai riƙe da foldar ake nema. Wasu kuma sukan sa gajeriyar lambar nan ta PIN da suke buɗe kwamfuta da ita kullum. Ita kuwa a kan na'urar kaɗai take aiki, ba ta ƙetare waya. Asusun da ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ta barin a shiga da shi ta hanyar sadarwa, tun zamanin XP. Idan an canza kalmar sirri kwanan nan, mai yiwuwa ƙaramar kwamfutar tana ta miƙa tsohuwar da ta adana, sai an goge ta daga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows. Shiga a matsayin baƙo mara suna, wanda wasu akwatunan ajiyar fayil suka dogara da shi, shi ma an rufe shi a Windows 11 nau'in Pro tun sabuntawar 2024.

Izinin kansa hawa biyu ne. Akwai wanda ake bayarwa lokacin da aka buɗe foldar ga sadarwa, akwai kuma wanda ke manne da foldar a kan faifan ajiya, ƙarƙashin tsarin NTFS. Wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke aiki. Da haka ne malami zai iya buɗe fayil ɗin maki ya karanta, amma in ya gyara ya zo ajiyewa a hana shi: hawa ɗaya ya ba shi damar rubutu, ɗayan karatu kawai ya yarda da shi.

Malaman da ke kula da ɗakin kwamfuta a makaranta suna da tasu matsalar ta daban. Windows irin ta gida da ofis ba ta karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda. Idan aji mai ɗalibai 30 ya nufi folda ɗaya a kwamfutar malami, na farko-farko za su shiga, sauran a hana su, alhali babu abin da ya lalace. A irin wannan ɗaki akan ware kwamfuta guda a sa mata manhajar Linux tare da Samba, wadda Andrew Tridgell ya fitar a Ostareliya a 1992. Kyauta ake samun ta, tana jin yaren SMB, kuma ba ta da wannan iyaka.