Auren dole: Yadda lissafi ke gano wuraren da matsalar ta fi ƙamari

Binciken lafiya da yanayin al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika shekara 18.

Sai dai alƙaluman sun tsaya ne a matakin jiha. Jami'in da ke Dutse, wanda zai yanke shawarar inda za a gina makarantar 'yan mata a masarautar Haɗeja, ba zai iya sanin ko lamarin ya fi tsanani a Guri ko a Kafin Hausa ba.

Dalili kuwa shi ne, rukunonin gidaje kimanin 1,400 aka zaɓa a duk faɗin ƙasar. In aka raba su ga ƙananan hukumomi 774, rabon kowace bai kai biyu ba.

Cike giɓi

A 1979 ne wasu masana biyu a Amurka, Fay da Herriot, suka fito da dabarar ƙiyasta kuɗin shigar mazauna ƙananan garuruwa, wadda daga bisani aka faɗaɗa ta zuwa wasu fannoni.

Akan haɗa amsoshin matan da aka zanta da su da bayanan da ake da su kan kowane yanki, kamar ilmin 'ya'ya mata, da nisan ƙauye daga birni, da hasken wutar dare da tauraron ɗan adam ke ɗaukowa. Daga nan kwamfuta ke ƙiyasta matsayin ƙauyukan da ba a je ba, bisa kamanninsu da maƙwabtansu.

Iyakar taswirar

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma ambaliya irin ta 2022 takan tayar da mazauna fadamar Haɗeja daga matsugunansu. Haka kuma masu binciken kan gusar da matsayin ƙauye a taswira da nisan da kan kai kilomita biyar, domin sakaya waɗanda suka ba da amsa.

Babban giɓin shi ne, shekarun aure ake tambaya, ba yardar amarya ba. Auren wuri daban, auren dole daban, ko da yake sukan haɗu.

Don haka taswirar na nuna inda ya kamata a fara bincike ne kawai. Tantance yarinyar da aka tilasta wa sai an koma ga dagatai da limamai da malaman makaranta, da kuma su kansu 'yan matan.